Gwajin jinin PSA ya saɓa wa tawakkali?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, shekarata 52, mahaifinmu kansar furostet (wata 'yar gaɓa ce a ƙasan mafitsarar namiji) ce ajalinsa, likita ya ce in je a ɗebi jinina a yi gwajin PSA na binciken wannan cutar amma wani aminina ya ce wannan tsokano tsuliyar dodo ne tunda ba abin da ke damuna, wai rashin tawakkali ne. Dan Allah meye hukunci, kuma in ina azumi fa?

Amsa: Wa alaikumus salam. To ɗan uwa gwajin nan halal ne, kai a irin halinka ma mustahabbi ne, in kuwa ka fara ganin jini a fitsari ko fitsarin yana maƙalewa to zuwa asibiti ya zama dole. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usama bn Sharik cewa Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani, ya ce Allah bai sanya wata cuta ba face ya sanya mata magani in banda tsufa, to ta yaya za ka nemi maganin abin da ba ka san yana jikinka ba, alhali ita wannan cutar a farkonta shiru take yi ba alama, kuma ta fi kama baƙar fata da wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa ya yi ta, ka ga duka biyun sun hau kanka. Shi aminin naka a tuna masa Sayyidina Umar da ya ji an yi annoba a Sham ya juya da jama'a, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah, shin Umar ne bai san tawakkali ba?

Sai dai kar ka yanke wa kanka hukunci da takardar lab. PSA wani sinadari ne da furostet ke fitarwa, yakan hau saboda kumburin tsufa ko ƙwayar cuta ko ma kusantar iyali dab da gwajin, don haka ko lambar da ke cikin sakamakon ta haura 4 ba shi ke nuna cutar kansa ce ba, likita zai ƙara bincike. In binciken ya kai ga duba ta dubura ya halatta saboda buƙata, gwargwadon buƙatar, a nemi likita namiji in da hali.

Azumi kuwa ɗan jinin da ake ja a sirinji ba ya karya shi, alwala ma a mazhabar Malikiyya fitar jini ba ya warware ta. Wallahu a'alam.