Ina Jalandhar, wane abinci zan yi oda a kawo min har ɗaki?

Tambaya: Salam yaya, sati na uku kenan da zuwa Jalandhar karatu kuma wallahi taliyar Maggi ta ishe ni. Na sauke Zomato da Swiggy a waya amma sunayen abincin ko ɗaya ban gane ba, ga tsoron naman da nake. Me zan yi oda?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Tsoron naman nan naka yana kan hanya, don Punjab ba kamar unguwannin Musulmi na Delhi ko Haidarabad ba ce, mafi yawan mutanen jihar mabiya addinin Sikh ne kuma addininsu ya hana su cin naman da aka yanka irin yankanmu, su nasu jhatka suke ce masa, wato a sare kan dabba da sara ɗaya. Gidajen abinci da yawa ba sa rubuta wane iri suke dafawa, saboda haka in ka ga butter chicken ya ba ka sha'awa, kira gidan ka tambaya halal ne ko jhatka, in suka fara kame-kame ka haƙura kawai. Kifi kam ba ruwanka da wannan, akwai soyayyen kifi da suke kira Amritsari fish, ga kuma miyar ƙwai.

Amma ni shawarata ka fara da ɓangaren da ba nama, nan ne ma ƙarfin girkinsu yake. Duba gefen sunan kowane abinci, koren ɗigo cikin akwati yana nufin ba nama ba ƙwai. Dal makhani baƙin wake ne ƙanana da jan wake da ake barinsu kan wuta awanni da man shanu da kirim, tana da kauri kamar miyar wake ta gida, kuma ita tafiyar babur ba ta ɓata ta, washegari ma in ka ɗumama ta fi daɗi. Rajma chawal shinkafa ce da miyar jan wake, da wuya Bahaushe ya ƙi ta. Paneer kuma cuku ne, ganinsa sak awara, amma da madara ake yi. In sanyin Disamba ya shigo nemi sarson da saag da makki di roti, ganyen mastad ne da gurasar masara.

Kuskuren da na yi a odata ta farko, miya kaɗai na zaɓa ina zaton da shinkafa take zuwa, sai ga roba ɗaya an miƙo min. Shinkafa da gurasa daban ake sayensu, sai dai in thali ka ɗauka, shi faranti ne da ya haɗa komai kaɗan-kaɗan. Chole bhature kuma, wato miyar wani irin wake da soyayyar gurasa, bar shi sai ka je gidan da ƙafarka, kumburarriyar gurasar tana sacewa a leda ta zama duk mai, naan ma, wata irin gurasa, in ya huce sai ka yi ta ja kamar roba, gara gurasar tandoori roti.

Yaji kuwa ka rubuta musu mirchi kam, wato a rage barkono, a wurin saƙo in cikinka bai saba ba. Ka saka alamar gidanka daidai a taswira tare da lambar ɗaki, don mai kawowa zai kira ka da Hindi ko Punjabi, kuma in ba ka buɗe asusun banki ba tukuna zaɓi biya a hannu, ka tanadi canji.