Shin za a iya sauya ƙwayar harsashin kamfani idan kayan haɗa harsashi sun yi wuya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, ina kuma farautar barewa da raifal mai cin .308 Winchester. Na saba haɗa harsashina da kaina, amma ƙyastu (ɗan ƙoƙon gindin harsashi da ke kunna wa albarushi wuta) da albarushi sun yi wuyar samu a shagunanmu. Ina da harsashin kamfani mai yawa irin na atisaye, wanda ƙwayarsa ke lulluɓe da jan ƙarfe har tsini. Zan iya zare ƙwayoyin in maye gurbinsu da na farauta a kan albarushin da ke ciki? Wani abokina kuma ya ce in goge tsinin da zarto kawai, zai yi aikin na farauta.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da shawarar abokinka domin ita ce mafi hatsari, kuma amsarta a taƙaice take: kada ka yi. Ƙwayar atisaye dalma ce da aka zuba wa riga ta jan ƙarfe, rigar a rufe take ta tsini, a buɗe ta gindi. Idan ka goge tsinin, rigar ta zama buɗaɗɗiya ta gaba da baya, kuma matsin albarushi na iya tunkuɗa dalmar ta fice ta bar rigar maƙale a cikin bututun bindiga. Mai harbi zai ji ƙara kamar kullum, ba zai san akwai abin da ya toshe hanya ba, sai harbi na biyu ya kumbura bututun ko ya fasa shi a kusa da fuskarsa. Ƙwayar farauta ta gaskiya akasin haka aka gina ta, wato gindinta ne a rufe. Ko da dalmar ba ta fice ba, ƙwayar da aka goge da hannu ba ta tafiya daidai, ba ta kuma buɗewa yadda ake so, sai ka raunata dabba ta gudu ta mutu a daji.

Ƙarancin da kake kuka da shi yana da tushe. A shekarar 2020 cinikin bindigogi a Amurka ya kai matsayin da ba a taɓa gani ba, a cikin shekarar kuma kamfanin Remington ya karye, masana'antarsa ta harsashi da ke Lonoke a jihar Arkansas ta koma hannun Vista Outdoor. Manyan masu yin ƙyastu a ƙasar, wato CCI da Federal da Winchester da Remington, su ne kuma masu yin harsashi, don haka sai da suka ƙosar da injinansu kafin su sayar wa mai haɗawa a gida abin da ya rage. A 2021 gwamnati ta daina ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha, wanda shi ne mai araha, lamarin ya ƙara tsananta.

Dabarar sauya ƙwaya kuwa tsohuwa ce. Masu gasar harbi a Amurka sun daɗe suna zare ƙwaya mai nauyin giren 173 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne) daga harsashin soja na M118 suna sa ta kamfanin Sierra mai giren 168, har daga baya rundunar sojan Amurka ta fitar da harsashin M852 mai ɗauke da irin wannan ƙwaya. Sai dai a lura da yanayinsu: sun san harsashin ciki da waje, iri ɗaya suke aiki da shi, kuma sun sauka ne daga mai nauyi zuwa wadda ta ɗan fi sauƙi. Kai ba ka cikin wannan yanayi, domin ba ka san albarushin da ke cikin kwanson harsashinka ba.

A nan ne matsalar take. Albarushin da kake saya a gwangwani, na Hodgdon ko IMR ko Alliant, ana daidaita saurin cinsa ne domin ya dace da alƙaluman littattafan haɗa harsashi. Kamfanonin harsashi ba lallai ne su yi amfani da irinsa ba. Suna sayen albarushi da yawa, su gwada kowane zubi a bututun awon matsi, sannan su tsayar da adadin da ya dace da wannan zubin da wannan ƙwayar. Kwali biyu masu suna ɗaya za su iya ƙunsar albarushi daban, kuma ido ba ya bambancewa, domin ƙwayoyin albarushi masu saurin ci da masu jinkiri kan yi kama ƙwarai. Ƙungiyar SAAMI, wadda ke tsara ma'aunin makamai da harsasai a Amurka tun 1926, ta sa iyakar matsin .308 Winchester a fam 62,000 a kan kowane inci murabba'i, kuma harsashin kamfani sau da yawa ba shi da nisa da wannan iyaka. Ƙwaya mai nauyi fiye da ta asali za ta ɗaga matsin. Hatta mai nauyi ɗaya tana iya ɗaga shi idan jikinta mai gogar bututu ya fi tsawo, ko rigarta ta fi tauri. Wannan ya fi fitowa fili a ƙwayar jan ƙarfe zalla, irin wadda mafarautan Kalifoniya suka koma wa tun da jihar ta haramta farauta da dalma a 2019: ta fi ta dalma tsawo, tana nutsewa cikin kwanso ta rage wa albarushi fili. Rage albarushin da ka ma ba mafita ba ce, domin wanda ba ka san irinsa ba, ba ka san inda ƙarancinsa ke zama hatsari ba.

Abin da za ka iya amfana da shi a harsashin nan shi ne kwanso da ƙyastun da ke gindinsa, kuma ƙyastun shi ne ainihin abin da ya fi wuya. Idan ka zare ƙwayar, ka zubar da albarushin kamfani gefe, kada ka haɗa shi da wani, kada kuma ka tara na kwalaye daban a gwangwani ɗaya. Wuyan kwanson zai saki bayan zarewa, don haka sai an sake matse shi, amma a fara cire wa na'urar matsewar allurarta mai fitar da ƙyastu, in ba haka ba za ta soki ƙyastu mai rai. Wuyan da bai riƙe ƙwaya da kyau ba yana barinta ta koma ciki lokacin da bindiga ke ɗora harsashi, wannan ma ƙarin matsi ne. Daga nan sai ka zuba albarushin da ka san sunansa, bisa littafin kamfanin da ya yi ƙwayar, ka fara daga adadi mafi ƙanƙanta, domin ƙyastun da ke ciki ba lallai ne ya zama wanda littafin ya yi gwaji da shi ba. Idan harsashinka irin na soja ne, ka sani kwansonsa ya fi kauri, cikinsa ya fi ƙunci, kuma sau da yawa akwai baƙin danƙo a wuyansa da ke sa zarewa wahala. Ka sa tabarau na kariya a duk aikin, kada kuma ka taɓa sa harsashi mai ƙyastu a gefen gindi, irin .22, cikin gudumar zare ƙwaya.

Idan albarushin gwangwani ma babu, ni a ganina aikin bai cancanci wahalarsa ba. Mafaraucin barewa ba ya ƙarar da kwali ɗaya mai harsashi 20 a kaka guda, ko da an haɗa da na daidaita saiti, don haka ka sayi kwali ɗaya na farauta ko da tsada, ka bar na atisaye ga filin atisaye.

Ta fuskar doka, tarayyar Amurka ba ta neman lasisi daga mai haɗa harsashi domin amfanin kansa, amma mai yi domin sayarwa sai da lasisi, kuma yawancin masu ƙera bindiga suna janye garantinsu idan lalacewa ta zo daga harsashin da aka haɗa a gida. Masu karatu a Najeriya su sani cewa Dokar Makamai ta 1959 ta haramta ƙera ko harhaɗa harsashi ba tare da izinin hukuma ba.