Wasan tambayoyi ba zai maye gurbin jarrabawa ba

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin tambaya ko wasannin tambayoyi na waya irin su Kahoot za su isa a auna ɗaliban likitanci, a bar jarrabawar takarda. Ni dai a ganina ba za su isa ba, amma kada ki yar da su.

Na gwada da ɗalibaina a nan Gombe, ranar darasin zazzaɓin cizon sauro. Aji ya kaure da hayaniya, har mai gyangyaɗin kujerar baya ya wartsake. Sai dai Kahoot yana ƙara maki ga wanda ya riga dannawa. Wata yarinya mai natsuwa ta tsaya lissafa yawan allurar artesunate, maganin zazzaɓin, bisa nauyin yaro, amsarta daidai, amma ta ƙare can ƙasa. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Ga kuma intanet ɗinmu, kin san halinsa.

Don bita kawai nake amfani da shi yanzu. Makin ƙarshe kuwa, a bar wa rubutacciyar jarrabawa da OSCE, wato jarrabawar gwaji a aikace, tsarin da malamin likitanci Ronald Harden ya bayyana a 1975 daga Dundee: ɗalibi ya bi tasha-tasha, ya ɗauki tarihin ciwo, ya auna hawan jini, malami na tsaye yana kallon hannunsa.