Tambaya da Amsa: Wanda ya kalli fim ɗin Shaihu Umar ya karanta littafin ke nan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar Hausa ce a wata makarantar sakandare a Daura. Na ba ɗalibaina littafin Shaihu Umar su karanta, sai wasu daga cikinsu suka ce tun da an yi fim ɗinsa, kallo ya wadatar. Malam, mene ne ainihin bambancin littafin da fim ɗin, kuma wanne ya fi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara basira. Kallo bai wadatar ba, amma dalilin ba shi ne wanda aka saba faɗa ba.

Ƙorafin da aka fi yi shi ne masu shirya fim suna datse labari domin ya shiga cikin awa biyu. A nan lamarin ya sha bamban. Littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta domin gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a Zariya, ɗan ƙarami ne da mutum zai iya gamawa tsakanin la'asar da isha'i. Fim ɗin da Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976 kuwa ya haura awa biyu. Kafin fim ɗin ma, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da labarin wasan kwaikwayo. Ƙashin bayan labarin bai sauya ba: almajirai sun tambayi malaminsu, Shaihu Umar, asalinsa, shi kuma ya ba su labarin yadda aka kori mijin mahaifiyarsa Makau, yadda ya rabu da mahaifiyar tasa yana ƙarami, da yadda Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi ɗa ya tafi da shi ƙasarsu, inda ya yi karatu har ya zama malami.

Bambancin yana wurin muryar mai ba da labari. A cikin littafin, kusan kome daga bakin dattijon yake fitowa, cikin natsuwa irin ta malamin da ya miƙa al'amuransa ga Allah, har ya kasance yana zayyana harin kamun bayi da wahalar hamada ba tare da ya ɗaga murya ba. Wannan sanyin harshe shi ne yake sa mai karatu ya tsaya ya tambayi kansa: ashe mutanen wancan zamani haka suka ɗauki cinikin ɗan Adam, kamar fatauci na yau da kullum? Na'urar ɗaukar hoto ba ta iya wannan kawaici. Da zarar ta nuna fuskar uwar da ke neman ɗanta, mai kallo ya riga ya ji tausayi kafin ya yi tunani, kuma fuskar da ɗan wasa ya ara wa Umar ita za ta zauna masa a zuciya, ba wadda shi da kansa zai ƙaga ba.

Ban ce fim ɗin ba shi da nasa rabon ba. Yaron da ya tashi a Daura a yau, ko da yake garinsu yana kan tsohuwar hanyar fatake masu ƙetara Sahara, bai taɓa ganin ayari ba, kuma kalmomin littafin ba za su nuna masa yadda ake naɗa rawani a fada ko yadda ake zaman karatun zaure a wancan lokaci ba kamar yadda hoto zai nuna. Abin takaici, shekaru da dama an ɗauka fim ɗin ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin, a Jamus, a 2018.

Game da wanne ya fi, ni dai littafin na fi so, domin Hausar Ɓalewa ita ce dukiyar, kuma ita ce jarrabawa za ta tambaya. Shawarata ita ce ki sa su gama karatun tukuna, sa'an nan idan kin samu fim ɗin ku kalla tare. Daga nan ki zaɓi wuri guda, misali haɗuwar Umar da mahaifiyarsa bayan doguwar rabuwa, ki ce kowa ya rubuta abin da littafin ya faɗa da abin da idonsa ya gani. Wanda bai buɗe littafin ba, a layin farko za ki gane shi.