"Check" da "cheque": wanne ne kuɗi, wanne ne bincike?

Wata baiwar Allah da ta samu aikin kula da tsofaffi a Bradford ta Ingila ta rubuto mana. Takardar ɗaukarta aiki ta ce ba za ta fara ba sai an kammala "checks". Yayanta da ke Houston ta Amurka kuma ya ce mata ai "check" kuɗi ne, da shi ake biyansa albashi. Tana tambaya: kuɗi za a ba ta, ko ita za ta biya?

Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Yayanki bai yi ƙarya ba, Turancin inda yake zaune ya gaya miki. A Amurka kalma ɗaya ce take ɗaukar kaya da yawa: cakin banki "check" ne, bincike "check" ne, har takardar kuɗin abinci da ake kawo wa mutum a gidan cin abinci haka suke kiranta. Ingila ta raba su. In kuɗi ake nufi, sai su rubuta "cheque", yadda muka saba gani a bankunan Najeriya. In kika ga c-h-e-c-k, dubawa ce. Furucinsu ɗaya, a rubuce kaɗai ake gane su, shi ya sa magana ta waya ta rikita ku. Rubutun Amurkawa ya kafu ne da ƙamus ɗin Noah Webster na 1828. Asalin kalmomin biyu ma ɗaya ne, daga wasan dara na ces, inda kalmar ta samo tushe daga "shah" na Farisanci, wato sarki.

To, bincikenki za su yi, kuma kowa ana yi masa, har da haifaffun ƙasar. Na farko shi ne izinin aiki. Doka ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya tabbatar da shi kafin ranar farawa. Ki shiga shafin gwamnati na gov.uk ki ciro lambar da suke kira "share code", ki ba su tare da ranar haihuwarki. Kyauta ce, amma kwana 90 take yi ta mutu, don haka kada ki tura tsohuwa.

Na biyu shi ne na hukumar DBS, wadda ke duba ko mutum yana da tarihin laifi. Masu aikin jinya da kula da tsofaffi, bincike mai zurfi ake yi musu. Wannan yana da kuɗi. Wasu wuraren su suke biya, wasu kuma sukan cire a albashi, ki tambaya tun yanzu kuma a rubuce. Da yake binciken DBS ba ya kaiwa ga bayanan ƙasashen waje, suna iya neman takardar shaidar ɗa'a daga 'yan sandan gida. Fara nemanta da wuri, ita ce ke cin lokaci.

Abin da ya fi damuna a nan ma ba rubutun kalmarsu ba ne, rubutun sunanki ne. Mu Hausawa mukan rubuta Aishatu a fasfo, Aisha a banki, A'isha a takardar makaranta; uba Muhammad a nan, Mohammed a can. A gida ba wanda zai ɗaga kai. A nan harafi ɗaya yana tsayar da bincike, ke kina zaune a ɗaki kuɗin haya yana tafiya. Ɗauko fasfonki ki ajiye a gabanki, duk fam ɗin da za ki cike ki kwafa harafi bayan harafi.

Shi kuwa mai "que" ɗin, za ki iya haɗuwa da shi in hukumar haraji ta HMRC ta maido miki da rarar kuɗi. Sunan da ke kansa dole ya dace da na asusunki, kuma bankuna kan ƙi karɓar wanda ya haura wata 6. Kada ki sa shi a ambulan ki aika wa Hajiya gida. Zuba shi a asusunki, sannan ki tura mata ta hanyar da kika saba. In kuma wani baƙo ya aiko miki caki ya ce kuɗin sun yi yawa, ki maido masa ragowa, damfara ce, kada ki tura ko kwabo.

Allah ya sa ki fara a sa'a. Ki gaida yayan naki.