Amsar Malam kan yadda shirka ta fara a zamanin Annabi Nuhu

(An rubuta muryar da Malam ya turo bayan Isha'i, saboda waɗanda ba su samu damar saurare ba.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'ar zaure, barkanmu da dare. Ɗana, na ji tambayarka tun la'asar, sai yanzu na samu zama. Ka ce abin yana ɗaure maka kai, yaya mutum mai hankali zai sassaƙa dutse da hannunsa, sannan ya durƙusa gabansa yana roƙo. Ka kuma ce mu da aka haifa cikin Musulunci, me ya sa ake ta tsoratar da mu da shirka kamar muna da gunki a ɗaka. To, saurara.

Babu wanda ya wayi gari ya ce yau na bar Allah na koma wa dutse. Ka buɗe Suratu Nuhu, aya ta 23, za ka ji manyan mutanen Annabi Nuhu suna ce wa mabiyansu kada ku kuskura ku bar gumakanku, kada ku bar Waddu, da Suwa'u, da Yagusu, da Ya'uƙu, da Nasru. Su wane ne waɗannan biyar? Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi bayani, yana nan cikin Sahihul Bukhari. Ya ce sunayen mutanen kirki ne, salihai. Da suka rasu, sai Shaiɗan ya raya wa mutanensu cewa su kafa gumaka a wuraren da bayin Allahn nan suke zama, su sa musu sunayensu. Suka yi. Kuma ka ji abin lura, ba a bauta musu ba a lokacin. Malaman tafsiri suka ce niyyarsu ita ce in sun gan su, su tuna da ibadarsu, su ma su ƙara himma. Sai da waɗancan suka mutu, ilimi ya gushe, sannan 'yan baya suka tashi suka tarar da gumaka a tsaye, babu mai gaya musu dalilin kafa su. Aka ce musu ai kakanninku da waɗannan suke samun ruwan sama. Shi ke nan, aka fara bauta.

Ka ga ta ƙofar ƙauna Shaiɗan ya shigo, ƙaunar da ba ilimi tare da ita. Wannan shi ne abin da yake ba ni tsoro wallahi, domin mai aikata saɓo ya san saɓo yake yi, wata rana zai iya tuba, amma wannan gani yake neman kusanci yake yi. Haka mushirikan Makka suka faɗa, Allah ya ba mu labari a Suratuz Zumar, aya ta 3, suka ce ba ma bauta musu sai don su kusantar da mu zuwa ga Allah. Ba su musa cewa Allah ne ya halicce su ba fa.

Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shekara 950 ya yi a cikinsu, yana kira dare da rana, a ɓoye da a bayyane. Alƙur'ani ya nuna mana yadda suke yi in ya fara magana: mutum ya cusa yatsu a kunne, ya ja tufarsa ya lulluɓe, don kada ya ji. Kuma ba da barazana kaɗai ya zo musu ba. Ya ce ku nemi gafarar Ubangijinku, zai saukar muku da ruwa mai yawa, ya ƙara muku dukiya da 'ya'ya, ya ba ku gonaki da ƙoramu. Wato abin nan da suke nema wajen gumaka, an nuna musu inda yake, suka ƙi. Manyansu har cewa suka yi, ba mu ga masu binka ba sai ƙasƙantattun cikinmu. Kaɗan ne suka yi imani.

Sakamakon kuwa ka san shi, ɗufana. Amma wurin da nake so ka tsaya shi ne Suratu Hudu. Jirgi yana tafiya cikin igiyoyin ruwa kamar duwatsu, uba ya hango ɗansa a gefe, ya ce ya ɗana, hau tare da mu. Ɗan ya ce zan fake a kan dutse ya tsare ni daga ruwa. Sai igiyar ruwa ta shiga tsakaninsu. Ɗan Annabi ne fa. Da Annabi Nuhu ya ce ya Ubangiji, ɗana yana cikin iyalina, aka ce masa ba ya cikin iyalinka. Duk uban da ya karanta wurin nan sai jikinsa ya yi sanyi. Kuma aya ta 25 ta Suratu Nuhu ta ce saboda laifukansu aka nutsar da su, sannan aka shigar da su wuta, ba su samu mai taimakonsu ba. Ko ɗaya daga cikin biyar ɗin nan bai amfane su da komai ba.

Yanzu ga sashe na biyu na tambayarka. Za ka ɗauka bayan ɗufana magana ta ƙare, ko? Ibnu Abbas ya ce gumakan nan sun sake bayyana cikin Larabawa. Waddu yana wajen ƙabilar Kalbu a Daumatul Jandal, Suwa'u wajen Huzailu, Ya'uƙu wajen Hamdan, Nasru wajen Himyar. Makka kanta, garin da Annabi Ibrahim da Annabi Isma'il suka ɗaga ginin Ka'aba a kan tauhidi, malaman sira suka ce Amru ɗan Luhayyu ne ya ɗauko gunkin Hubal daga Sham ya kawo, mutane suka bi shi saboda babba ne a cikinsu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya gan shi yana jan hanjinsa a wuta. Ranar da aka ci Makka, shekara ta 8 bayan hijira, gumaka 360 aka tarar kewaye da Ka'aba. Abu Raja'i Al-Uɗaridi, wanda ya rayu a jahiliyya, ya ce dutse suke bauta wa, in sun ga wanda ya fi shi kyau su jefar da na farko. In ba su samu dutse ba, su tara ƙasa, su tatsi akuya a kanta, su yi mata ɗawafi.

To ɗana, Annabi Ibrahim da ya karya gumaka da hannunsa, shi ne yake roƙon Allah ya nisantar da shi da 'ya'yansa daga bautar gumaka, yana nan a Suratu Ibrahim aya ta 35. Ballantana ni da kai. Mu a nan ba lallai ka ga gunki ba. Amma kana ganin mai salla, ciniki ya tsaya ko haihuwa ta yi jinkiri, ya tafi wajen boka, a ce ya yanka baƙin bunsuru a gindin tsamiya kada ya ambaci sunan Allah, ya je ya yanka. In ka tambaye shi ya ce ai sababi ne. Shan magani sababi ne, neman addu'ar mutumin kirki mai rai ya halatta, amma yanka don wanin Allah, Annabi ya la'anci mai yin sa, hadisin yana cikin Sahihu Muslim.

Ka karanta Suratu Nuhu da fassara, ayoyi 28 ne kawai, ka haɗa da Suratu Hudu daga aya ta 25 zuwa 49. Inda bai fito maka ba ka turo, in sha Allahu gobe bayan Asuba zan duba. Wassalamu alaikum.