Filin Tambaya da Amsa: Fankar Cikin Mota da Hita a Lokacin Hunturu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006, 'yar Kwatano, wadda nake fita da ita da asuba daga Bukuru zuwa wurin aiki a Jos. Tun shigowar hunturu fankar cikin motar ta daina juyawa a lamba ta ɗaya da ta biyu da ta uku, sai na kai ta ta huɗu take hurowa da ƙarfi. Mai wayarin ya ce sai an sayi sabuwar fanka. Haka ne? Daga wani malamin makaranta, Bukuru.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawar fitar da kuɗinka, domin fankar da take juyawa da ƙarfinta a lamba ta huɗu ba ta mutu ba. Abin da ya fi yiwuwa ya ƙone shi ne wani ɗan ƙaramin abu da masu wayarin ke kira rizisto, wanda aikinsa rage ƙarfin wutar da ke isa ga fankar a ƙananan lambobi. A lamba ta ƙarshe wutar ba ta bi ta cikinsa, kai tsaye take wucewa, shi ya sa ita kaɗai ta rage maka. Yana ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren fasinja, kusa da fankar, kuma kuɗinsa bai kai na fanka ba ko kusa.

Sai dai sauya shi kawai bai wadatar ba, sai an gano abin da ya ƙona shi. An dasa shi ne a cikin hanyar iska domin iskar ta riƙa sanyaya shi, saboda haka idan ƙurar hunturu ta toshe filtar da ke bayan akwatin dashbod, iskar za ta ragu, shi kuma ya yi ta ɗaukar zafi har ya ƙone. Na taɓa ganin filtar da aka zaro daga wata mota ta yi tauri kamar tubali, ga busasshen ganyen darbejiya da tsummokaran da ɓera ya tara, alhali mai motar bai ma san akwai filta a wurin ba. Ka sa a duba filtar, a duba soket ɗin ko robarsa ta narke, a kuma juya fankar da hannu a ji ko ta cije, domin fankar da ta yi nauyi tana jan wuta fiye da ƙima, kuma za ta sake ƙona sabon da aka sa.

Da a ce ba ta motsi a kowace lamba, da fis za a fara dubawa, sannan rile, wato ɗan makunnin da ke sakar wa fankar wuta, sannan kabon ɗin cikin fankar da ke isar da wuta ga sashen da ke juyawa, wanda alamar cinyewarsa ita ce fankar ta tashi idan an bubbuga ƙasan dashbod. Fis ɗin da ya ƙone kuwa a maye shi da mai lamba irin tasa. Ɗaura waya a gurbinsa hanya ce ta jawo gobara.

Tambaya: Fankar motata tana aiki, amma ko na murɗa maɓallin zuwa ja, iska mai sanyi ce ke fitowa, kuma allurar zafin injin ba ta tashi sosai. Daga wata ma'aikaciyar jinya, Zariya.

Amsa: Hajiya, a motar fetur irin namu ba wutar lantarki ce ke ɗumama iskar ba, ruwan injin ne. Akwai wani ɗan ƙaramin lagireto ɓoye a bayan dashbod, wanda ruwan zafi ke zagayawa ta cikinsa, fanka kuma tana hura iska ta jikinsa. Don haka ki fara da duba ko ruwan ya ragu, amma da safe kafin a tayar da mota, domin buɗe murfin lagireto da zafinsa ya ƙona mutane da dama.

Maganar allurar da kika yi ita ta fi ɗaukar hankalina. Bakanikai da yawa a ƙasar nan suna cire tamostat da zarar mota ta shigo hannunsu, da hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Ban yarda da wannan hujja ba. Tamostat yana riƙe ruwan ne a cikin injin har ya kai zafin da aka tsara, wanda a yawancin motoci yake tsakanin digiri 80 zuwa 90, kafin ya sake shi zuwa lagireto. Idan babu shi, injin zai daɗe bai ɗumama ba a safiyar hunturu, hita ba za ta yi zafi ba, kuma motar za ta ƙara shan mai.

Idan tamostat yana nan, a bar injin ya yi zafi, sannan bakanike ya taɓa tiyo biyun da suka ratsa daga injin zuwa cikin mota. In ɗaya da zafi ɗaya kuma da sanyi, ƙaramin lagireton ya toshe, galibi saboda tsatsa da dattin ruwan rijiya da ake zubawa maimakon ruwan lagireto na kanti, kuma sau da yawa wanke shi da ruwa ta baya yana buɗe shi. In duka biyun da zafi, to ƙofar da ke karkatar da iska a cikin dashbod ce ta maƙale. Wani lokaci kuma za a tarar an haɗe tiyo biyun da juna tun a hannun mai motar na baya.

Tambaya: Idan na kunna hita sai gilashin gaba ya yi hazo mai maiƙo, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi, kuma kafet ɗin ɓangaren fasinja a jiƙe yake. Daga wani direban haya, Maraɗi.

Amsa: Malam, ƙaramin lagireton nan ne ke yoyo, kuma ruwan injinka ne ke raguwa ta wurin. Ka daina kunna hitar, domin shaƙar tururin ba shi da kyau ga kai da fasinjojinka. A motoci da yawa sai an kwance dashbod kafin a kai gare shi, don haka idan aljihu bai ba da dama yanzu ba, a haɗe tiyo biyun na ɗan lokaci, ka kuma riƙa duba ruwa kowace safiya. Da ruwan da ke kafet ɗin fari ne tas marar wari, da na ce bututun da ke zubar da ruwan na'urar sanyaya mota ne ya toshe, wanda hure shi kawai ake yi.